WAIWAYE ADON TAFIYA: Tarka, Yaƙin Basasa Da Rabon Kudancin Zariya

Duk wanda ya zauna da dattawan Kagarko ko Kafanchan aka taɓo siyasar da, da wuya a tashi ba a ambaci Joseph Tarka ba. Shi dai mutumin ƙasar Tibi ne, amma jam'iyyar da ya jagoranta, watau UMBC, a Kafanchan aka kafa ta cikin 1955. Bukatarta guda ce: a yanka wa ƙananan ƙabilun Arewa jiha tasu.

Tarka ya karɓi shugabancinta a 1957, ya haɗa kai da jam'iyyar Action Group ta Cif Awolowo, daga baya kuma da NEPU ta Malam Aminu Kano. Hukumar Willink ta saurari koke-koken ƙananan ƙabilu, amma a 1958 ta ƙi ba da shawarar ƙirƙiro jihohi. NPC ma ta kafe a kan cewa Arewa ɗaya ce. Rikicin ƙasar Tibi na 1960 da na 1964 ya ci rayuka, bukata kuwa ba ta biya ba.

To, abin da shekarun hamayya suka kasa samarwa, sai ga shi tsoron ɓallewar Gabas ya kawo shi dare ɗaya. Ran 27 ga watan Mayu 1967, Laftanar-Kanar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jiha 12, shida daga cikinsu a Arewa. Bayan kwana uku Ojukwu ya yi shelar Biyafara. Cikin watan Yuni Gowon ya kira 'yan hamayyar jiya cikin majalisarsa: Awolowo ya riƙe kuɗi, Malam Aminu sadarwa, Tarka kuwa sufuri. Wannan dabara ta tabbatar wa ƙananan ƙabilu cewa suna da rabo a ƙasar da 'ya'yansu ke zubar da jini dominta, har yaƙin ya ƙare a Janairu 1970.

Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Tarka ya sauka daga muƙaminsa a 1974 bisa zargin cin hanci da aka yi masa. A 1978 ya shiga NPN tare da abokan gabarsa na da, ya nemi tutar takarar shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Shagari ya kayar da shi. Ya zama sanata a 1979, ya rasu a Landan a 1980.

Ina rabon garin da aka haifi jam'iyyar? Mutanen Tarka sun sami Jihar Binuwai da Filato, amma Kagarko da Kafanchan sun faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya tare da Zariya da Katsina. Ta koma Jihar Kaduna a 1976, Katsina ta sami tata a 1987, Kudancin Kaduna kuwa har yau yana neman tasa.

Shugaban hamayya da ya shiga gwamnati a lokacin yaƙi ba laifi ya yi ba, muddin ceton ƙasa ya kai shi. Abin dubawa shi ne, da ya zauna bakin akushi, ko ya tuna da waɗanda suka hura wutar?