Sharhi: Hanyar Arewa, Madugun Jiya da Dillalin Yau



Ƙetare Sahara ba baƙon abu ba ne ga Bakano. Kakanninmu sun yi fatauci da ayarin raƙuma daga Kano zuwa Damagaram da Agadas, su bi ta Gat da Gadamus har Turabulus, da baƙin rini da jemammiyar fata. Unguwar Dandalin Turawa a birnin Kano shaida ce, can Larabawan fatake suka zauna. Amma ayari ba ya tashi sai da madugu, wanda ya san kowace rijiya, kuma ya ɗauki ran kowa amana. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ita ta karya wannan fatauci.

Yau hanya biyu ce. Ta farko ta bi ƙa'ida. Mai neman ilimi a Azhar, ko magani, ko sarin kaya a Masar, ya shiga Kano, ya yi fasfo, ya nemi biza, ya riƙe katin rigakafin shawara. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano, EgyptAir na sauke fasinja a Alƙahira cikin 'yan sa'o'i, tafiyar da a da ke cin watanni.

Ta biyu ita ce ta dillalai. A Agadas ake cusa matasa masu zuwa Libiya a bayan Hilux, ƙafafu na reto, kowa ya rungumi sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo, ga jarkar ruwa a naɗe da buhu. Mota ta lalace, shi ke nan. A watan Oktoban 2013, gawa 92 aka tsinta a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance. Ƙishirwa ce ta kashe su. Hausawa ne irinmu.

Don haka, Malam, kafin ka sayar da gona ko shanun huɗa domin ɗanka ya tafi Libiya, tambayi dillalin nan: ina biza, wa zai karɓe shi, ina waɗanda ka kai bara? Madugu tare da ayarinsa yake shan rana. Wanda ya karɓi kuɗinka ya zauna a inuwa ba madugu ba ne.

Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma ga wanda ya dawo. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya maido mana su lafiya.