Raddi ga Masu Cewa Malam Aminu Kano Baki Kawai Gare Shi

Daga Magariya zuwa Dungas, har Dogo-Dogo da ke bakin iyaka, in hirar tsohuwar siyasa ta tashi akan sami mai cewa Sawaba ta Djibo Bakary ita ce ta maza, NEPU ta Malam Aminu Kano kuwa surutu ne. Hujjojinsu uku, kuma babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

Ta farko, wai tsoro ne ya hana Malam ɗaukar makami. Mai faɗin haka bai san Arewa ta wancan zamani ba. Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, lokacin da alƙali da ɗan doka da gidan yari duk suna hannun En'e. A shekarar Malam ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya rungumi siyasa. An yi wa mutanensa bulala, an ɗaure su, 'yan daban da ake kira 'Yan Mahaukata sun far musu a titi, Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku. Matsoraci ba ya jure wannan shekara da shekaru. Malam dai ya auna ne: bindiga in ta tashi, a kan talaka take sauka. Nijar ta ga haka da idonta. Gwamnatin Diori Hamani ta haramta Sawaba a 1959, dakarun jam'iyyar suka shigo da makamai a Oktoban 1964, aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a, kame ya bi ƙauyuka. Zaluncin da aka yi wa 'yan Sawaba gaskiya ne, jarumtarsu ma haka, amma me manomi ya girba?

Ta biyu ta fi nauyi: wai mai ƙin yaƙi ba zai karɓi kujera a gwamnatin Janar Gowon a 1967 ba. Ya karɓa, ya riƙe ma'aikatar sadarwa ana tsakiyar yaƙin Biyafara, kuma babu amfanin ɓoye wannan. Sai dai a cika labarin. Shi ne ɗan Arewan da jam'iyyarsa ta daɗe tana ƙawance da NCNC ta Azikiwe tun ana yi masa gori a kai, kuma yana cikin tawagar da ta zauna sulhu a Kampala a Mayun 1968, kafin a koma Yamai a watan Yuli. Zaman bai haifi sulhu ba, amma kujerar da Malam ya zauna a kai ke nan.

Ta uku, wai bai taɓa yin mulki ba, don haka bai bar komai ba. A 1979 jam'iyyarsa PRP ta ci Kano da Kaduna, Gwamna Abubakar Rimi na Kano ya soke haraji da jangali. Gumel da Maigatari da Ɓaɓura suna cikin jihar Kano a lokacin, sai 1991 aka yanke Jigawa, saboda haka makiyayin da ke cin kasuwar Maigatari tare da mutanen Dungas ya ji sauƙin a garkensa.

Sai batun mata. Matan Damagaram sun sami ƙuri'a tun 1956, na Arewacin Najeriya ba su yi zaɓen tarayya ba sai 1979, bayan NEPU ta daɗe tana nema musu. Da zaɓen 1983 ya gabato, mace Malam ya ɗauka mataimakiya, Bola Ogunbo. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, watanni kafin a kaɗa ƙuri'a.