Jirgin kara a idon kyamara

 Kaka ta yi, an girbe dawa, kara ya taru a gonaki da bakin gidaje, kuma mun san ƙannenku sun riga sun fara fere totuwa suna haɗa motoci. Wasu daga cikinku sun daina, wai sun girma. A wannan mako muna so ku koma wa karan nan, amma da ruwa a hannu ɗaya da wayar salula a ɗaya hannun, domin za mu ƙera jirgin ƙasa mu ɗauke shi hoto yadda mai kallo zai tsaya ya sake dubawa.

Mun zaɓi jirgin ƙasa ne saboda 'yan Zakirai da kewaye ba baƙinsa ba ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga baya aka ja reshe zuwa gabas, ya bi ta Jogana da Zakirai da Ringim da Malam Madori, ya kai Nguru a 1930. Gyaɗar da kakanninku suka noma a ƙasar Gabasawa tana cikin abin da ya sa Turawa suka ga layin zai biya kuɗinsa. Tsakanin ƙarfen dogo ɗaya da ɗan'uwansa a wannan layi milimita 1,067 ne. Sababbin layuka, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, faɗinsu milimita 1,435. Ku riƙe lambar farko, za mu yi lissafi da ita.

A Turai da Amurka ƙera ƙananan jirage sana'a ce da kamfanoninta, manya masu furfura ma suna yi. A birnin Hambug na Jamus akwai wani gida, Miniatur Wunderland, da wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001, mutane na biyan kuɗi su shiga kallon ƙananan jirage suna ratsa ƙananan birane. Ma'aunin da suka fi amfani da shi 1:87 ne, wato duk abin da ya kai santimita 87 a zahiri sai ya koma santimita ɗaya. Mu ba mu da kuɗin sayen irin nasu, kara kuma ba ya feruwa ya kai wannan ƙanƙanta. Don haka muke ba da shawarar 1:30.

To, ga inda darasin lissafi yake shigowa. A raba 1,067 da 30, za a samu wajen milimita 35, wato tsakanin tsinkayen da za ku shimfiɗa a matsayin dogo santimita uku da rabi. Mutum mai tsawon santimita 170 zai koma ƙasa da santimita shida kaɗan. Kuka mai mita 15 za ta koma rabin mita. Wanda ya yi ƙofar taragonsa santimita 12 ya yi ƙofar da raƙumi zai shige ba tare da ya sunkuya ba. Lissafin yana aiki ta baya ma, kuma nan ne yawancin hotuna ke tonuwa. Tsakuwa mai santimita ɗaya, idan ta shiga hoton, dutse ce mai santimita 30. Ƙwayar gero ta zama kamar lemo. Saboda haka yashin da za ku zuba a gindin dogo sai an tankaɗe shi da rariya (ku nemi izinin Inna tukuna, kada mu ja muku faɗa). Akuya mai tsayin santimita 60 kuwa, in ta gifta kusa da jirginku, ta zama dodo mai mita 18.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya tsaya a tsaye ya ɗauki hoton daga sama. Daga nan ido ya gane abin wasa ne, domin ba wanda ke kallon jirgi na gaske ta rufinsa sai shaho. Ku sauko da idon kyamarar zuwa tsayin idon mutumin nan mai santimita shida. Da yake idon yana saman waya, sai a juya wayar, kai ƙasa, a jingina ta da bulo don kada hannu ya yi rawa. A goge idon da tsumma mai laushi, musamman lokacin hazo. Kada a matsa sosai: in waya ta yi kusa ainun, kan jirgi zai fito tar, taragon ƙarshe ya yi dishi-dishi, wannan dishi-dishin kuwa shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa abin ƙarami ne. A ja baya kamar mita ɗaya, a taɓa fuskar wayar a kan tarago na biyu, daga baya a yanke gefen hoton. In wayar tana da tsarin nan da ke dusashe bayan mutum idan ana ɗaukar hoton fuska, a kashe shi.

Haske kuwa, ku guji tsakar rana. Hantsi ko bayan la'asar ya fi, lokacin da rana ke zuwa daga gefe tana fitar da tagogi da ƙafafun jirgi. Farar takarda ɗaya daga littafin rubutu, in aka riƙe ta ta ɓangaren inuwa, tana mayar da haske.

Sai babbar magana, abin da ke bayan jirgin. Jirgi ya yi kyau, amma ga bokiti da igiyar shanya a bayansa. Hanyar da muka fi so ba ta buƙatar manhaja ko data. Wani Ba'amurke, Michael Paul Smith, ya yi suna da hotunan wani gari na ƙage da ya kira Elgin Park. Ƙananan motoci ne masu ma'aunin 1:24 yake jerawa a kan tebur a fili, ya daidaita su da bishiyoyi da gine-gine na gaske da ke can nesa, ya ɗauka. Ku ma ku shimfiɗa dogonku a kan katako, ku ɗora shi a kan katanga ko ganga a bakin gona, yadda idon wayar zai zo daidai tsayin idonku in kuna tsaye. Idan tsakanin waya da jirgi mita ɗaya ne, a hoton kamar mita 30 ne. Ke nan duk wani abu na gaske da zai fito a baya, ɗorawa ce ko gawo ko rumbu, dole ya wuce mita 30 daga inda kuke. In ya fi haka kusa, zai yi girman da hankali ba zai ɗauka ba. Gefen katakon kuma a ɓoye shi da ɗan tudun ƙasa. A wannan fanni ɗan Zakirai ya fi ɗan Fagge sa'a: bayan girbi fili yana buɗe har iyakar gani, hazo kuma yana dusashe nesa da kansa.

Idan ba a samu fili ba, sai a koma ga waya. A rataya zane mai launi ɗaya a bayan jirgin, wanda bai yi kama da launin kara ba, don yankewa ta yi sauƙi. Manhajoji irin su PicsArt suna cire baya su sa wani, Snapseed kuma ya ƙware wajen daidaita haske da launi. Hoton da za a sa a baya ku ɗauko shi da kanku, kada ku kwaso na wani a intanet. Dalilin ba na haƙƙi kaɗai ba ne. Idan rana ta haska jirginku daga dama, bishiyoyin baya kuma inuwarsu ta nuna rana tana hagu, ko yaron firamare zai ji wani abu bai zauna ba, ko da bai iya faɗin mene ne ba. A ɗauki duka biyun a lokaci ɗaya na yini, ana fuskantar gefe ɗaya. Layin da sama ta haɗu da ƙasa ya zo daidai tsayin idon kyamara, wato wajen kan ɗan mutumin da kuka tsayar kusa da dogo. In ya hau sama da yawa, jirgin zai zama kamar yana cikin rami. Kada kuma a goge 'yar inuwar da ke ƙarƙashin ƙafafu, ita ke riƙe jirgin a ƙasa. Mu dai ra'ayinmu, sararin sama mai ɗan hazo irin namu ya fi jajayen gizagizan nan da manhaja ke tallatawa. Hayaƙi ma a yi hankali da shi: jirgin kwal na zamanin dalar gyaɗa ne ke tuƙa shi da yawa, ba na dizal ba.

Wannan dabara ba ƙaramar sana'a ba ce. Masu fim ɗin Titanic na 1997 sun yi amfani da ƙaramin jirgin ruwa mai ma'aunin 1:20, tsawonsa ya haura mita 13, suka ƙara ruwa da mutane da kwamfuta. Ba wanda ya kira su maƙaryata, domin kowa ya san fim ya je kallo. Amma a 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Masar kusa da juna don hoton ya shiga bangonta, ba ta faɗa ba, kuma har yau ana ba da misali da ita a azuzuwan aikin jarida. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto da ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut lokacin yaƙi, ya kuma janye hotunansa daga rumbunsa.

Abin da ya sa muka kawo wannan shi ne, in kun bi matakan nan da kyau, hotonku zai iya ruɗin mutum. Ana aikin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, mutane kuma suna ɗokin labarinsa. A ce ɗayanku ya kifar da taragonsa na kara, ya ƙara ƙura, ya tura a WhatsApp da cewa jirgi ya yi haɗari. Shi wasa yake yi. Amma kafin magariba hoton ya bar hannunsa, ya isa wayar wata uwa da ɗanta ke kan hanya, ba kuma wanda zai iya kiran hoton ya dawo. Don haka duk hoton da kuka gyara, ku rubuta a jikinsa, ba a saƙon da ke ƙasa ba, domin saƙon yana faɗuwa in an tura gaba: "Jirgin kara ne, an sauya bayan hoton." Ku ajiye na asalin kuma. Ban da kare ku daga zargi, shi ne shaidar cewa hannunku ya ƙera jirgin, a wannan zamani da ƙirƙirarriyar basira ke zana jirgi cikin daƙiƙa kaɗan.

Wani zai ce bari ya je tasha ya ɗora jirginsa a kan dogo na gaske. Kada ku yi. Ma'aunin ba zai yi daidai ba, ƙarfen zai fi jirgin tsawo. Kuma layin dogo ba wurin zama ba ne ko da ya yi tsit, jirgi ba ya tsayawa nan take kamar babur. A tsaya daga nesa a kalli yadda aka jera ƙarafan da yadda tasha take, a zana a littafi. Kada a cire ko ƙusa ɗaya, laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali.

Aikin ya fi daɗi in ku uku ne: mai fira, mai awo, da wanda yayansa zai yarda ya ara masa waya na rabin awa. 'Yan mata, kada ku ce wannan na maza ne, mai iya saƙar faifai ba za ta kasa haɗa tarago ba. Ku nuna wa malamin lissafi awonku kafin ku fara yanka kara. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.