Lilo ya zo, amma kada ya kori zaki

Ƴan uwa na Dutsi da Tibiri da sauran ƙasar Arewa.

Da yawa cikinmu a Yamai muka fara ganin zaki da kura ido da ido, a gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959. Yaro ya yi tafiyar kilomita sama da 250, ya komo gida ya share wata guda yana ba da labari. Dawan da kakanninmu mahalba suka sani ya koma gonaki, don haka irin wannan gida shi ya rage wa ɗiyanmu.

Abin da ya sa muke wagga magana: ciyar da zaki da tsada, lilo kuwa ba ya cin nama, kuɗi yake kawowa. Shi ke nan sai masu gidan dabbobi su karkata wajen wasanni.

A Ingila an ga haka sau biyu. Gidan dabbobi na Chessington, da aka buɗe a 1931, ƴan kallo suka ja baya. A 1987 aka kafa masa manyan lilo da jiragen wasa, amma aka bar dabbobin, har yau suna nan. Na Windsor kuwa an rufe shi a 1992, aka watsa dabbobin wasu wurare, a 1996 filin ya koma Legoland. Yara na zuwa, sai dai babu zaki mai rai ko ɗaya.

Kusa da mu, a Kano, gidan zu da aka kafa zamanin Audu Bako gari ya kewaye shi. A 2020 Gwamna Ganduje ya ce a mayar da shi Tiga. To, fili babba a tsakiyar birni, kowa ya san idon ƴan kasuwa na kansa.

Mu ba mu ƙi lilo ba, wallahi. Ranar salla yara na son wasa, kuma kuɗin shiga na iya sayen abincin dabba da maganinta. Roƙonmu ga hukumomi: duk ran da aka tashi gyaran gidan Yamai, a bi hanyar Chessington. A fara da faɗaɗa kejin dabbobi da biyan masu kula da su, lilo ya biyo baya. Iyaye da malaman lakwal kuma, in kun kai yara, ku fara tsayar da su gaban kura, ku faɗa musu da can kukanta ake ji da dare a bayan gari.

Allah ya raya mana su.