Shirun Majinyaci Ba Kullum Ne Tawakkali Ba

Yawancin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, idan ciwo ya kwantar da mahaifi a gida, abin da ke hannunsu shi ne aika kuɗi. Wasu har sukan sa a kai shi Abuja, a kwantar da shi a Babban Asibitin Wuse ko wani asibitin kuɗi na unguwar. To, ranar da likita ya ce ciwo ya fi ƙarfin magani, sai dangi su ɓoye wa mai shi, shi kuwa ya juya fuska ga bango ya daina magana. Daga nan sai a buga wa ɗa waya a ce Baba ya yi tawakkali.

Sau da yawa ba haka ba ne. Wanda ya yi tawakkali yakan yi baƙin ciki, amma abin yakan zo ya wuce, in jika ya shigo fuskarsa ta saki. Mai ciwon damuwa kuwa babu abin da ke faranta masa rai, yana ganin ya zama kaya a wuyan 'ya'yansa, har ya riƙa fatan mutuwa ta gaggauta. Wannan cuta ce da likitoci suka sani, tana da magani ko da kwana ya ƙarato, kuma ba raunin imani ba ce. Sai dai ƙwayoyinta sukan ɗauki makonni kafin su yi aiki, watau jinkiri asara ne. Raɗaɗin da ba a kashe ba yana daga cikin manyan masu hura wutarta.

A Ingila, Cicely Saunders ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali a Landan tun 1967, bisa fahimtar cewa zafin jiki da na zuciya tare suke tafiya. Asibitin koyarwa na Badun ma yana da irin wannan sashe. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma doka a takarda ba ta zama gefen gado. Wajibi ne hukumar Birnin Tarayya ta horar da ma'aikatan jinya su riƙa tambayar majinyaci halin da zuciyarsa ke ciki, kamar yadda suke auna jininsa.

Shi kuwa ɗan da ke Kudu, in ya buga waya, ya nemi a miƙa wa Baba, ya tambaye shi ko yana samun barci.