SHARHI: Zafin Ƙudan Zuma Da Masu Kiwonsa A Kwali

A 'yan shekarun nan, wasu ma'aikata da 'yan kasuwar Abuja da suka mallaki gonaki a yankin Kwali, kan hanyar Lokoja, sun shiga ajiye akwatunan zuma domin sha'awa da ɗan abin sakawa a aljihu. Wurin kuwa ya dace, ga ɗorawa da kaɗanya, ga mangwaro da kashu masu fure da rani. Kukansu dai shi ne ƙudan yana da zafi, kuma da an matsa masa sai ya ƙaura ya bar amya wayam. Har akan ji mai cewa gara a shigo da na Turai mai sanyin hali.

Wannan shawara tana da haɗari. A 1956 masani Warwick Kerr ya kai ƙudan zuman Afirka ƙasar Brazil, a 1957 wasu suka kuɓuce, kafin ƙarshen 1990 jikokinsu sun isa Amurka, ba kuma wanda ya iya tare su. Na Turai kuwa yana iya zuwa da cututtukansa, kuma bai kai na gida jure wa ƙwaron varroa ba sai da magani, wanda kuɗinsa daga riba zai fito.

Galibin faɗan nan mai kiwo ne ke jawo shi. Amyar da aka bari cikin rana, babu ruwa kusa a lokacin hunturu, tururuwa na hawa, ba za ta zauna lafiya ba. Haka wanda ya zo da wutar kara maimakon hayaƙi mai sanyi, ya kwashe saƙa duka har da 'ya'ya, shi ya kori ƙudansa. Buɗe amya da yamma lis, da barin musu rabonsu na zuma, ba sa cin ko kwabo. Saƙar da aka rufe da kaki kaɗai ta cancanci ɗiba, domin ƙa'idar cinikin duniya ba ta yarda ruwan zuma ya wuce kashi 20 cikin ɗari ba.

Abin da ya fi wuya shi ne maƙwabta. Feshin da manomin wake zai yi lokacin fure yana iya kashe ƙudan a yini guda, amyar da ke bakin hanyar rafi kuma tana iya kai mai ita gaban alƙali idan aka harbi yaro ko saniya. Ya kamata duk mai niyyar sayen akwati ya fara zama da mai unguwa da manoman da ke iyaka da shi.