Kai Baƙi Kogo: Sana'ar Da Ke Neman Jagaba

A 'yan shekarun nan wata ƙaramar sana'a ta kunno kai a manyan biranen ƙasar nan, musamman Legas, Abuja, Inugu da Fatakwal. Akan tara mutane goma sha biyar ko ashirin a motar bas ranar Asabar da sassafe, a kai su wani kogo ko kwazazzabo su wuni, a ciyar da su, a ɗauke su hotuna, sannan a dawo da kowa gida kafin dare ya yi. Akasarin masu wannan sana'a matasa ne da suka gama makaranta, ba su da ofis, ba su da mota tasu, jarinsu bai wuce wayar hannu da shafin Instagram ba. A ganina harka ce da ta cancanci babban ɗan kasuwa ya dube ta da idon basira, musamman mai harkar sufuri, amma da sharaɗin ya fahimci abin da ake sayarwa a cikinta tun kafin ya zuba kuɗinsa.

Dalilin bunƙasarta a fili yake. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, darajar Naira kuma ta faɗi a watannin da suka biyo baya, ma'aikacin da a da yake iya kai iyalinsa hutun mako guda a wani gari mai nisa ya koma lissafin aljihu. Tafiyar wuni ɗaya ba ta bukatar kuɗin otal, ba ta bukatar tikitin jirgi, ga shi kuma ana dawowa da sauran rana, abin da ke kwantar wa mutane hankali a wannan zamani na rashin tsaro a hanyoyi.

Hajar kuwa Allah ya riga ya ajiye mana ita. Kogon Ogbunike da ke Ƙaramar Hukumar Oyi a Jihar Anambra tafiyar 'yan mintoci ce daga Anaca idan hanya ta yi kyau. Ana gangarawa cikin kwarin ta matakala 317 da gwamnatin jihar ta gina a tsakiyar shekarun 1990, a tarar da babban zaure na dutse wanda ramuka goma suka fita daga cikinsa, kowanne ya nufi tasa fuskar, ga ruwa mai ɗumi yana fitowa daga kogon yana haɗuwa da ruwan sanyi na kogin Nkisa. Tun shekarar 2007 wurin yake cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO domin neman a sanya su cikin kayan tarihi na duniya. A Jihar Inugu akwai Awhum, inda ake bin wani matsattsen kwazazzabo a ƙafa, ana taka ruwa, har a isa inda ruwa ke zubowa daga tsayin kimanin mita 30, akwai kuma kogon da ke dajin Ngwo a bakin birnin Inugu. A Abekuta akwai Dutsen Olumo da kogunansa, inda Egbawa suka fake a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19. A Arewa ma, cikin Yankari, akwai ɗakunan nan 59 da mutanen da suka haƙa a jikin dutse, waɗanda ake kira Kogunan Marshall.

Idan aka duba abin da gwamnatoci suka yi wa waɗannan wurare, za a ga kusan duk gini ne. An yi matakala a Ogbunike, an kafa na'urar hawa a Olumo a 2006, an gina ƙofofi da rumfunan sayar da tikiti a wurare da dama. A ɓangaren doka, Dokar Soja mai lamba 81 ta 1992 ce ta kafa Hukumar Bunƙasa Yawon Buɗe Ido ta Ƙasa, sai kuma a 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas cewa rajista da sa ido kan otal-otal da makamantansu hakkin jihohi ne. Duk wannan yana da amfaninsa, amma siminti ne da takarda. Mutumin da zai riƙe fitila ya shiga gaban baƙi ashirin cikin duhu, shi ne ba a cika tunawa da shi ba, alhali kuwa a hannunsa rayukan baƙin suke, haka nan sunan kamfanin da ya kawo su.

Kakanninmu fatake sun san wannan tun kafin a ƙera mota. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro ba ya motsawa sai da madugu, wanda ke daidaitawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa, da kuma jagaba, wanda ke shiga gaba domin ya san mashigin kowane kogi da zangon da ke da ruwa. Attajiri komai yawan jakunansa ba ya musu da jagaba a kan hanya. Idan ya ce yau ba a ƙetare kogi, to sai a sauke kaya a jira. Abin da fatake ke biya a ayari shi ne wannan sani da wannan iko, domin jaki kowa na da shi. Yawon kogo ayari ne na wuni ɗaya, kuma har yanzu yawancin masu shirya shi a ƙasar nan suna da jakuna, ba su da madugu, ba su da jagaba.

Na ga haka da idona a wani kogo da ke kudancin ƙasar nan, wanda ba sai na ambaci sunansa ba. Mun biya kuɗi a bakin ƙofa ba tare da rasit ba. Da muka gangara sai wasu samari suka tare mu suka ce wancan na gwamnati ne, nasu na gari daban ne. A bakin kogon kuma wani ya ce sai an biya kuɗin ɗaukar hoto. Yarinyar da ta shirya tafiyar ta tsaya tana ciniki kusan sa'a guda, baƙinta suna tsaye a rana, daga ƙarshe ta biya daga ribarta. Wanda aka haɗa mu da shi a matsayin jagora yaro ne mai ladabi, ya kuma san ramukan sarai, amma da fitilar wayarsa ya shiga da mu, bai ƙidaya mu a shiga ba, bai ƙidaya mu a fita ba. Da na tambaye shi nawa ake biyansa, sai ya ce abin da baƙi suka ba shi ne kawai. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da abincinsa ya rataya a kan kyautar baƙon yau ba zai taɓa cewa baƙon ya koma gida don hadari ya haɗu ba.

Hadari kuwa shi ne babban abokin gabar wannan sana'a. Kwazazzabo hanyar ruwa ce, ruwa ne ya sassaƙa shi, kuma ruwan da zai cika shi ba lallai ne ya sauka a kan wanda ke ciki ba. Ranar 12 ga Agusta 1997, a kwazazzabon Antelope da ke Jihar Arizona ta Amurka, ambaliya ta kashe masu yawon buɗe ido 11, alhali ruwan da ya sauka a wurin kaɗan ne, wanda ya yi ɓarnar ya sauka ne a wani wuri mai nisan kilomitoci daga can sama. Wanda ya tsira a cikinsu jagoran wani kamfanin yawo ne, abin da ke nuna cewa sunan jagora kaɗai ba ya tare ruwa. Bayan wannan ne aka kafa tsani na ƙarfe da ƙararrawar gargaɗi a wurin, kuma ba a shiga sai tare da jagora mai izinin ƙabilar Navajo, masu ƙasar.

Abin da ya faru a Suwizalan ya fi shafar ɗan kasuwa kai tsaye. Ranar 27 ga Yuli 1999 ruwa ya kashe mutane 21 a kwazazzabon Saxetbach kusa da garin Interlaken, uku daga cikinsu ma'aikatan kamfanin da ya shirya tafiyar ne. A ƙarshen 2001 kotu ta kama shugabannin kamfanin da laifin kisa ta hanyar sakaci, ta sallami ƙananan jagororin da aka gurfanar tare da su, domin a ganinta masu kamfani ne ya kamata su horar da ma'aikata su kuma hana tafiya idan yanayi ya ɓaci. Kamfanin bai rayu ba. Duniya kuma ba ta manta da yaran nan 12 'yan ƙwallo da kocinsu da ruwa ya rufe a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan a 2018 ba, waɗanda aka ɗauki fiye da mako biyu kafin a fito da su. A kudu maso gabashin Nijeriya damina takan kai daga Afrilu zuwa Oktoba, dogon hutun makarantu, lokacin da iyaye suka fi neman inda za su kai yara, yana faɗowa ne a tsakiyarta. Wato lokacin ciniki shi ne lokacin haɗari.

Akwai kuma batun lafiya. Kogunan da jemagu ke kwana a ciki, irin na Ogbunike, kashin jemage kan taru a ƙasansu, a cikinsa kuma wani nau'in ƙwayar cuta kan rayu wadda idan aka shaƙi ƙurarta tana iya kama huhu. Yawancin masu ƙoshin lafiya ba ta yi musu komai, amma tana iya wahalar da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Jagoran da aka horar zai san wanda ya kamata ya tsaya a zauren farko, ya kuma hana yara tada ƙura ko jifan jemagu.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce baƙon Nijeriya mai ciniki ne, idan wani kamfani ya ƙara kuɗi domin albashin jagora da fitilu da akwatin magani, sai ya koma wurin mai araha. Akwai gaskiya a wannan magana, amma sai a yi lissafi. A bas mai kujera 18, idan aka ware kuɗin kujera biyu domin jagora da kayan aikinsa, ƙarin da zai hau kan kowane fasinja bai kai abin da ake tatsar sa a ƙofofi uku ba tare da rasit ba. Bugu da ƙari, manyan masu sayen irin wannan tafiya, wato makarantu, bankuna da kamfanonin da ke fitar da ma'aikatansu shan iska, ba araha suke nema ba. Shugaban makarantar da zai miƙa 'ya'yan mutane 40 yana son ya ga takarda, ya san sunan wanda zai ƙidaya su. Wanda ya iya nuna masa wannan ya samu ciniki na kowace shekara.

Wasu kuma za su ce mutanen gari ba za su yarda baƙo ya zo ya tsara musu kogonsu ba. Haka ne, kuma suna da hujja, domin wasu daga cikin waɗannan wurare wuraren al'ada ne tun kaka da kakanni. A Ogbunike sai an tuɓe takalmi ake shiga, ana kuma yin bikin Ime Ogba kowace shekara. Awhum yana maƙwabtaka da gidan ibadar limaman Katolika masu zaman kaɗaici, mutane da yawa addu'a ke kai su can. Saboda haka jagora dole ya zama ɗan gari, aikin mai jari shi ne na madugu: ya zauna da basarake da ƙungiyar ci gaban gari da jami'an jiha, a yanke kuɗi ɗaya a rubuce, a san rabon kowa, a riƙa biya a wata maimakon a bakin ƙofa. Cibiyar horar da ma'aikatan otal da yawon buɗe ido ta ƙasa, wadda ke da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, tana iya koya wa saurayin ƙauye agajin gaggawa da yadda ake tarbar baƙo. Sanin ramin da ke cika da ruwa idan an yi sa'a biyu ana sheƙawa, wannan a wurin dattawan garinsu zai samo shi.

Ga ɗan kasuwa Bahaushe akwai wata kasuwa a nan da ban ga wanda ya taɓa ta sosai ba. Dubban iyalanmu suna zaune a Agege, Idi-Araba, Sabon Badun, Shagamu, Anaca da Inugu, wasu an haife su a can, amma da wuya ka samu wanda ya taɓa kai 'ya'yansa Dutsen Olumo, ko da yake daga Legas zuwa Abekuta tafiyar safiya ce, ga jirgin ƙasa ma tun 2021. Abin da ke hana su sananne ne: ba su san abincin da za a ba su ba, ba su san inda za su yi sallar azahar ba, ba su kuma san ko za a sa su yin wani abu da ya saɓa wa addininsu ba. Wanda ya tanadi abinci na halal, ya sanya lokacin salla cikin tsarin tafiya, ya ɗauki mai fassara da Hausa, ya kuma faɗa wa mutane gaskiya tun kafin su biya cewa wuri kaza yana da wurin bautar gargajiya a gefensa kuma ba a tilasta wa kowa zuwa, ya buɗe ƙofar da masu shafin Instagram ba su san da ita ba.

Sai dai kafin ya sayi ko da taya ɗaya, akwai abubuwan da ya kamata ya kammala. Ya tambayi kamfanin inshorarsa a rubuce ko takardar da ke kan motarsa ta shafi fasinjan da ya zame a kan dutse bayan ya sauka, domin inshorar mota a kan mota take tsayawa. Ya sanya jagoransa a kan albashin wata, wanda za a biya shi cif ko da ya soke tafiya sau uku a watan Yuli. Sannan ya buga a bayan kowane tikiti, da Hausa da Turanci, cewa idan jagora ya ce ba a shiga saboda ruwa, ba a shiga, fasinja kuma yana da zaɓin a mayar masa da kuɗin shiga kogo ko a ba shi kujera a wata Asabar ɗin.